Dogon Hutu da Waya Biyu: Yadda Za Ka Koya wa Ƙannenka Haɗa Bidiyo a Guri da Kewaye

Darasin yau na wanda ya riga ya ɗan iya ne, wanda ke yanka bidiyo a CapCut ko KineMaster, ya san saitin kyamarar wayarsa, kuma akwai ƙanne da yaran maƙwabta 'yan shekara 13 zuwa 17 da ke leƙa masa waya duk lokacin da ya zauna. Dogon hutu yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa wajen tsakiyar Satumba. Sati 6 daga ciki sun isa ka ɗauki yaro daga mai kallon TikTok zuwa wanda zai iya fitar da bidiyon minti 3 mai kai da gindi. Zan yi misalai da Guri da bakin kogin Haɗejia saboda nan na fi sani, amma wanda ke Auyo, Kiri Kasamma, Nguru ko cikin Kano zai iya juya abin ya dace da garinsu.

Daga ina dabarar ta fito?

A Amurka da Ingila akwai shirye-shiryen da ake kaiwa rukunin gidajen gwamnati lokacin hutu. Ana tara matasa a ɗakin taron rukunin, a ba su kyamara da kwamfuta, a haɗa su da babba mai sana'ar ya riƙa duba aikinsu. Wanda ya fi ba ni sha'awa cikin irin waɗannan shi ne Computer Clubhouse, wanda aka buɗe a birnin Boston a 1993 da haɗin gwiwar wani gidan tarihin kwamfuta da masu bincike na jami'ar MIT, cikinsu har da Mitchel Resnick da Natalie Rusk. An yi shi ne don yaran unguwannin marasa ƙarfi. Babu allo, babu jarrabawa. Yaro ya zo da abin da yake son ƙerawa, babba ya zauna kusa da shi. Manhajar Scratch da aka saki a 2007, wadda yara ke koyon rubuta shiri da ita yau, daga lura da yaran wannan kulob aka samo tushenta.

A Afirka ma an yi. A 1997 wata mai ɗaukar hoto, Lana Wong, ta raba wa yara kimanin 30 na unguwar Mathare a Nairobi ƙananan kyamarori masu arha, aka sa wa shirin suna Shootback. Hotunan yaran sun zama littafi a 1999. Ɗaya daga cikinsu, Julius Mwelu, ya girma ya zama ƙwararren mai hoto, ya koma unguwar ya kafa gidauniyar koya wa na bayansa. Kusa da mu kuma, a Kaduna, akwai samarin The Critics da suka yi suna a 2019 da gajerun finafinan almarar kimiyya waɗanda suka ɗauka da waya mai fasasshen gilashi, har daraktan Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki.

A gida, cibiyar CITAD ta Kano ta daɗe tana horar da matasa, musamman 'yan mata, kan fasahar sadarwa. Hukumar NITDA, wadda ɗan Haɗejia Kashifu Inuwa Abdullahi ya karɓi shugabancinta a 2019, ita ma takan shirya horon hutu na yara. In an buɗe irin wannan kusa da ku, ku tura ƙannenku, kada ku yi wasa. Amma gurbin kaɗan ne, kwanakin kaɗan ne, kuma galibi a babban gari ake yi. Yaron da ke Kadira, Abunabo ko Adiyani kuɗin mota kaɗai zai iya hana shi.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a lura da shi. A Amurka gidan gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi ne. A nan kuwa, in ka duba Kundila a Kano ko rukunin gidaje 744 a Dutse, yawanci ma'aikata ne a ciki, 'ya'yansu sun fi na ƙauye samun waya da wuta. Abin da ya sa ake kai shirin rukunin gidaje can shi ne yaran suna wuri ɗaya, kuma akwai ɗakin da za a taru ba tare da an hau mota ba. Wannan kuwa muna da shi tun kaka da kakanni. Sunansa zaure. In kana kwatas ɗin ma'aikata, to yi a kwatas. In kana tsakiyar gari, zauren gidanku ko ajin firamare da mai unguwa da shugaban makaranta suka amince a buɗe ya wadatar.

Hutunmu damina ce

Turawa na yin hutunsu lokacin da ba su da aikin komai. Namu yana faɗowa daidai lokacin noma da ciyawa, kuma a yankinmu daidai lokacin da kogi ke cika. Duk wanda ya kwafo jadawalin birni, ƙarfe 9 na safe zuwa 2 na rana, sati ɗaya zai yi ya ga babu kowa, don babu uban da zai saki yaro da hantsi a watan Agusta. Ka sa zamanku bayan la'asar zuwa gab da magariba, sau 3 a sati, kuma ka kauce wa lokacin Islamiyya da ranar kasuwa. Wannan lokacin ma ya fi kyau ga kyamara, domin hasken yamma mai laushi ne, ba ya ƙona fuska kamar na tsakar rana.

Ita wannan daminar da ke takura lokaci ita ce kuma ke ba ku abin ɗauka. Nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. In ka tambayi yara me za su yi, kusan duk za su ce barkwanci ko kwaikwayon waƙar fim. Bar su su yi a satin farko don hannu ya saba. Amma aikin ƙarshe ya zama kan ruwa, saboda dubban yara a Kano na yin barkwanci da wayoyin da suka fi naku, alhali babu ɗaya cikinsu da zai iya nuna yadda ruwa ya ci gonar shinkafa a bayan Guri sati bayan sati.

Kafin a fita, ka zaunar da su ka zana musu kogin a ƙasa da tsinke. Kogin Kano da kogin Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejia. A kan na farko akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974, a kan na biyu akwai madatsar Challawa ta 1992. Bayan kogin ya wuce Haɗejia sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya rarrabu: akwai Marma mai nufar tafkin Nguru, akwai Burum Gana, akwai tsohon kogin. Da can ruwa kan zo da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Da aka yi madatsun sai ya zama ana sakin ruwa har da rani, wasu hanyoyin ba sa bushewa, kachala ta samu yadda take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka, ruwa ya rasa mafita ya fantsama gonaki da gari, wasu wuraren kuma a ƙasa su rasa ruwan gaba ɗaya. Cikinta ne tsuntsayen jan-baki ke fakewa su faɗa wa shinkafa da gero. Wannan dausayin dai duniya ta san da shi: tafkin Nguru da Marma sun shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta bi baya a 2008. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Yaron da ya fahimci wannan zanen zai san abin da yake ɗauka. Wanda bai fahimta ba zai dawo maka da minti 10 na ruwa kawai.

Lissafin kaya

Ga yara 6 zuwa 8, waya 2 sun isa, 3 kuwa an ji daɗi. Kada ka wuce yara 8 in kai kaɗai ne. A kowace ƙungiya ɗaya ya riƙe kyamara, ɗaya sauti, ɗaya tambaya, ɗaya littafi da biro, kuma su riƙa juyawa kowace fita. In ba ka tilasta juyin ba, mai ƙarfin baki zai riƙe waya har hutu ya ƙare.

Abu biyu ke kashe irin wannan shiri a wajenmu: memori da caji. Duka biyun lissafi ne.

Nauyin bidiyo ya dogara ne da yawan bayanan da kyamara ke zubawa a kowace daƙiƙa, abin da ake aunawa da Mbps. Ka ninka lambar sau 60, ka raba da 8, za ka samu megabayit nawa minti ɗaya zai ci. In wayar na ɗauka a 16 Mbps, wanda ya yi kusa da abin da wayoyi da yawa ke yi a 1080p, minti ɗaya 120MB ke nan. Wayar 32GB da ta rage da 8GB za ta cika cikin minti 66 ko kusa da haka. In ka sauke zuwa 720p a 8 Mbps, minti ɗaya ya koma 60MB, wurin ya ninka. Ga bidiyon da a ƙarshe a waya za a kalle shi, 720p mai tsabta ba abin kunya ba ne, kuma ƙaramar waya mai 2GB ko 3GB na RAM za ta tace shi ba tare da ta riƙa sandarewa ba. Maganar 4K kuwa a ajiye ta. Manhajar kyamarar da ta zo da waya sau da yawa ba ta barin ka taɓa wannan lambar, shi ya sa nake son Open Camera. Kyauta ce, ba ta da talla, ba ta da nauyi, ba ta buƙatar data, kuma za mu sake komawa kanta a ƙasa.

Batun caji: batirin 5,000mAh yana riƙe da wajen 19Wh. Fawa bank mai 20,000mAh yana da wajen 74Wh a takarda. In ka raba za ka ce caji 4 ne, amma wani kaso yana tafiya a zafi da juya wuta, don haka ka yi lissafi da caji 2 da rabi zuwa 3, shi ma in na gaske ka saya. Ƙaramin faifan sola yana taimakawa, sai dai a Agusta hadari na iya rufe rana kwana 2 a jere. Hanya mafi arha ita ce rage cin wutar: a sa waya a yanayin jirgi kafin a fara ɗauka, a rage hasken fuska, a daina kallon abin da aka ɗauka sau 10 a bakin gona. Yanayin jirgin yana da wani amfani, domin kira ɗaya na iya katse hirar da ba za a sake samu ba.

Don tura fayil tsakanin wayoyi a yi amfani da Xender ko Quick Share, ba sa cin data. Kuma ka nemi filashi mai shiga waya ko katin memori guda, ya zama rumbun ƙungiya. Duk abin da aka ɗauka ya kwana a wuri 2. Leda mai zif ko robar abinci mai murfi ita ce jakar waya duk lokacin da za a kusanci ruwa.

Sauti kafin hoto

Sati na biyu gaba ɗaya na sauti ne, ko da yara sun yi ƙorafi. Mutane na iya jure bidiyo mai ɗan dishi-dishi, amma in ba sa jin abin da tsoho ke faɗa, daƙiƙa 5 za su wuce.

Ga ƙa'idar da za ka nuna musu a aikace. A fili, duk lokacin da ka ninka tazara tsakanin baki da makirufo, ƙarfin sautin na raguwa da desibel 6. Daga santimita 30 zuwa 60 an rasa 6, zuwa 120 an rasa 12, zuwa 240 an rasa 18. Shi kuwa kukan kwaɗi, injin ban-ruwa da iska suna nan yadda suke, ba su ragu ba. Ma'ana, wayar da ta tsaya nesa don ta ɗauki mutum daga kai zuwa ƙugu ba za ta taɓa ɗaukar muryarsa da kyau ba. Ka sa yaro ɗaya ya yi magana, wani ya ɗauka a waɗannan tazarar guda 4, sannan ku saurara tare. Ba sai ka ƙara bayani ba.

Maganin shi ne waya ta biyu. A buɗe manhajar naɗar murya, a riƙe ta ƙasa da haɓar mai magana inda kyamara ba ta gani, ko a sa masa a aljihun gaba na riga makirufo na kallon sama. Iyafis mai igiya ma yana da makirufo, ana iya maƙala shi a wuyan riga da fil. Bayan an kunna duka wayoyin, wani ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara. Wajen tacewa za ka ga tafin ya fito kamar tsini a layin sautin biyu, sai ka daidaita tsini da tsini, ka kashe sautin kyamara. Abin da masu fim ke yi ke nan da allon nan da suke bugawa kafin a fara.

Iskar bakin ruwa kuwa, a rufe makirufo da ɗan soso ko safa mai kauri, mai magana ya ba iska baya. Sannan a kowane wuri a naɗi daƙiƙa 30 na shiru, kowa ya kame bakinsa. Wannan shirun ba shiru ba ne, akwai ruwa, tsuntsaye, ƙarar filafili a jikin kwalekwale. Da shi ake cike gibi wajen yanka don kada sauti ya riƙa tsalle. Sauti ba ya cin wuri: minti ɗaya na MP3 a 128kbps bai kai 1MB ba. Saboda haka ku bar tsofaffi su yi magana son ransu. Masunci mai shekara 70 da ya san kogin kafin kachala ta cinye shi, hirar awa ɗaya da shi ba ta kai nauyin bidiyon minti ɗaya ba. In ya fi sakewa da harshen Bade, Barbarci ko Fulatanci, a bar shi ya yi, a rubuta fassarar Hausa a ƙasan bidiyo daga baya. Yaron da ke jin harshen ya zama shi ne mai fassara, kuma za ka ga yadda zai ɗaga kai.

Ɗaukar hoton kanta ba na ɓata mata lokaci sosai, yara na kama ta da wuri. A goge gilashin kyamara. A kwantar da waya in don YouTube ko majigi ne, a tsayar da ita in don TikTok ne, amma a yanke shawara kafin a fita. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Kada a ja hoto kusa da yatsa, a taka a matsa. Kowace ɗauka a ƙirga 10 a zuci kafin a tsayar. Kowane abu a ɗauke shi sau 3: daga nesa don a ga wuri, tsaka-tsaki don a ga mutum, kurkusa don a ga hannu da abin da yake yi. Ƙafar kyamara kuwa, gora 3 da robar taya sun yi.

Hoton wuri ɗaya, da sunan fayil

Wannan shi ne sashen da a ganina ya fi komai daraja, kuma shi ne mutane ba sa koyarwa.

Kowace ƙungiya ta zaɓi wuri ɗaya tsayayye a kan tudu, inda ake hango ruwa ba tare da an shiga ba: gindin wata bishiya, kan jinga, bakin kwalbati. A cikin hoton a samu abin da ba ya motsi, kamar turken wuta ko kusurwar gini. Duk sati, rana ɗaya, lokaci ɗaya, a koma a tsaya daidai wurin a ɗauki hoto ɗaya. A cikin saitin Open Camera akwai abin da suka kira Ghost image, wanda ke ɗora inuwar tsohon hoto a kan fuskar waya, sai ka motsa har turken yau ya hau kan turken makon jiya. A nan kuma za ka iya kunna hatimin da ke buga kwanan wata, lokaci da lambobin wuri a jikin hoton. GPS ba ya buƙatar data, da tauraron ɗan'adam yake magana, sai dai in babu intanet yakan ɗan jima kafin ya kama, don haka a kunna shi a fili a jira.

Bayan sati 6 kuna da hotuna 6. Ku jera su, kowanne daƙiƙa 2. Cikin daƙiƙa 12 mai kallo zai ga ruwa na hawa turke da idonsa. In aka ci gaba bana, baɗi, baɗin baɗaɗa, to garinku ya mallaki abin da ko ofis ba lallai yana da shi ba. Hukumar NIHSA takan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, NiMet ta fitar da na ruwan sama, amma waɗannan galibi na faɗin ƙaramar hukuma ne ko jiha. Wace gona ruwa ya fara ci, a wace rana, ta wace kafa ya shigo, wannan sai wanda ke wurin. Ranar da dattawan gari za su je gaban shugaban ƙaramar hukuma ko Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are kan yashe wata hanya, hoto mai kwanan wata ya fi dogon bayani.

Amma fa sai an iya nemo shi. A matsayina na mai rubuta manhaja, abin da na fi tsananta wa yara a kai shi ne sunan fayil. Waya na sa suna irin VID da dogayen lambobi, bayan wata ɗaya babu wanda ya san mene ne. Tsarin shi ne shekara, wata, rana, wuri, abu, kamar haka: 2025-08-14_bakin-jinga_turke. In shekara ce a gaba, waya da kwamfuta za su jera fayilolin bi da bi da kansu. In ka fara da rana, 14 ga Agusta za ta zauna kusa da 14 ga Yuli, komai ya cakuɗe. Mai riƙe da littafi kuma ya rubuta wa aka yi hira da shi, a ina, wa ya ɗauka.

Ku kuma sani cewa in aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar na matse shi ta kuma cire bayanan da ke ɓoye a cikinsa, har da lokaci da wuri. In ana son asali ya isa yadda yake, a tura shi a matsayin fayil ta wajen da ake tura takardu. Daga nan sai ka shigo da darasin tantancewa. Duk damina za ka ga ana yawo da bidiyon ambaliya ana cewa jiya ne a Haɗejia, alhali na wata shekara ne ko ma wata ƙasa. Ka ɗauko irin wannan, ku tsayar da shi, ku duba lambar mota, rubutun shago, irin gini da suturar mutane, in akwai data ku saka hoton a Google Lens. Yaron da ya sha wahalar sa wa hotonsa kwanan wata shi ne zai fara tambayar wa ya ɗauki wannan, kuma yaushe.

Aikin jagora

Mu Hausawa mun san raino a sana'a. Yaron tela, yaron makaniki, yaron mai gyaran waya, duk a gefen maigida suke koya. Sai dai a shago yaro kan shekara yana shara da aike kafin a bar shi ya taɓa keke. Kai ba ka da shekara, sati 6 gare ka, don haka ranar farko waya ta shiga hannunsu. Dokar da na fi ba muhimmanci: in yaro ya maƙale, kada ka karɓi wayar. Sa hannunka a aljihu ka yi masa tambaya. Kai za ka gyara cikin daƙiƙa 10, shi zai yi minti 10, amma gobe ba zai neme ka a kan wannan ba. Wajen duba aiki kuma, a kalla tare, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau kafin a faɗi abu ɗaya da za a gyara. Yaro ɗan 14 in aka yi masa dariya a gaban sa'o'insa, ba zai ce komai ba, kawai ba za ka sake ganinsa ba.

Kafin komai, ka je gida-gida da kanka. Ka gaida Baba, ka gaida Inna, ka faɗi ranaku, lokaci, wurin zama da inda za a riƙa zuwa. Ka sanar da mai unguwa. Bayan ladabi akwai doka: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta nemi a samu amincewar iyaye ko mai kula kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma hoto da murya bayanai ne. TikTok da Facebook su ma ba su yarda da wanda bai kai 13 ba. Shawarata ita ce kada a buɗe wa kowane yaro shafi saboda wannan shiri. In za a saka wani abu a intanet, ya fita ta shafi ɗaya na ƙungiya wanda babba ke riƙe da shi, ba tare da cikakken sunan yaro ko hoton ƙofar gidansu ba.

'Yan mata kada a bar su a baya da sunan kunya. A nemi babbar yaya ko malama ta jagoranci tasu ƙungiyar a cikin gida, ƙofa a buɗe, kuma kada namiji ya keɓe da yarinya ko ya riƙa tura mata saƙo ita kaɗai. Suna da abin da samari ba za su taɓa samu ba, domin su ne ke iya shiga cikin gida su ɗauki masu turara shinkafa, masu bandar kifi, masu saƙar tabarma, da tsohuwar da ta tuna shekarar da ruwa ya kore su. Wadda ba ta son fuskarta ta fito, a ɗauki hannunta da muryarta.

Haka ma duk wanda za a ɗauka, a tambaye shi a gaban kyamara ko ya yarda, a faɗa masa inda za a nuna. In ambaliya ta zo mutane suka koma ajin makaranta da tabarmi da tukwane, wannan ba wurin neman mabiya ba ne. Ba a ɗaukar gawa, ba a ɗaukar mai kuka, ba a ɗaukar mace a makwancinta. Wanda ya ce a goge, a goge a gabansa.

Ruwa kuma ba abokin wasa ba ne. Babu hoton da ya kai ran yaro. Ba a shiga ruwa mai gudu, ba a hawa kwalekwalen da ya cika, ba a tsayawa a gaɓar da ruwa ya ci ƙarƙashinta. Lokacin cikar kogi macizai ma tudu suke nema, kuma ruwan kwance mai dodon koɗi shi ke kawo tsargiya. In labari yana tsakiyar ruwa, a jira masunci ya fito a yi hira da shi a kan tudu.

Tacewa da nunawa

Sati 2 na ƙarshe na tacewa ne. Kafin a buɗe manhaja, a rubuta jerin fitowa a takarda: me za a fara gani, wa zai yi magana, da me za a rufe. Iyaka minti 3. Yanka, jera, daidaita sauti da rubutu duk CapCut na yin su ba tare da data ba, kayan ado ne ke neman intanet, su kuwa ba ku buƙatarsu. A guji ɗora waƙar wani, domin YouTube da Facebook na iya kashe sautin ko su toshe bidiyon. Shirun nan da kuka naɗa a bakin ruwa ya fi dacewa, in kuma ana son kiɗa a roƙi makaɗin gari ya buga muku da izininsa. A ƙarshen bidiyo a rubuta wa ya yi kyamara, wa ya yi sauti, wa ya tace, da sunan farko kawai.

Nunin farko a gari za a yi shi, ba a intanet ba. A ari talabijin a gidan kallon ƙwallo kafin a fara wasa, ko a samu majigi da farin zane a ƙofar mai unguwa bayan isha'i. A gayyaci iyaye da duk wanda ya fito a ciki, su fara gani kafin baƙo ya gani, in akwai abin da ba su so a cire. Bayan nan ne za a duba na sakawa a shafi, da na kai wa gidan rediyo irin Sawaba FM a Haɗejia in hirar ta yi kyau.

Daren nunin, ka kwafe rumbun gaba ɗaya gida 2. Ɗaya ya zauna wajenka, ɗaya wajen shugaban makaranta ko wani dattijo da gidansa ke kan tudu, a cikin roba mai murfi, tare da littafin nan. Sannan ka zaɓi yara 2 da suka fi naci, ko da ba su ne suka fi iyawa ba, ka damƙa musu aikin hoton turke: duk Asabar bayan la'asar, wuri ɗaya, har ruwa ya janye a kaka.